Ranar Da Na Tsare Hayaƙi

Gaya, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau an rufe Kawu Hamani ban je ba, kuma ina cikin garin.

Tun ranar da jirgin nan na auna hadari ya zo aka raba wa kowa aikinsa. Matuƙi yana tuƙi, Anasara biyu suna ciki da na'urorinsu suna bin gajimare, Seyni na wajen rediyo, Garba na zuba isansi, wato man jirgi. Ni nawa hayaƙi ne. In hura wuta a bakin filin jirgi, in riƙa ɗora ɗanyar ciyawa, don matuƙi ya ga inda iska ta dosa kafin ya sauka. Muddin jirgi na sama, ba mai barin wurinsa.

Sun tashi sun nufi wajen Dioundiou ke nan sai ga makara ta biyo gefen fili. Yaya Issa ya ratso ya ce, "Kai, ajiye ciyawar nan ka zo, kawunka ne fa."

Na roƙi Seyni ya riƙe mini. Ya ce shi ma in ya saki rediyo wa zai amsa musu? Gaskiyarsa. Ga iska na ta juyawa, ga rai uku a sama.

Na tsaya. Mutane suna wucewa suna kallona, ni kuma ina ta ƙara ciyawa kamar mahaukaci.

Sai bayan la'asar suka sauka lafiya. Matuƙin ya dafa kafaɗata, ya ce bai taɓa ganin hayaƙi mai kyau irin na yau ba.

Na yi wanka sau biyu, har yanzu ina jin warin hayaƙin a jikina. Gobe da safe zan shiga gidan gaisuwa da shi.