Shaƙuwar Kwana Uku

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara. Ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa an yi mini juyin mulki. Teburin karatuna ya faɗa hannun matata. Littattafaina suna ƙasa, kwamfutarta tana sama.

Kin san tun bara ciwon nan ya tafi da idonta na hagu, wanda aka ce garkuwar jikinta ce ke cin jijiyoyinta. To, ta shiga wani aji a intanet na masu irin ciwon. Su goma sha ɗaya ne, kowa da ƙasarsa, kowa ya leƙo ta 'yar tagarsa a allo, wata likita tana koya musu duk Laraba.

Ga amfanin karatun. Kwana biyu ke nan tana shaƙuwa, wai sai na kai ta asibiti, domin a aji an ce alama ce ta tashin ciwon. Shaƙuwa fa, Yaya. Na ba ta ruwa, na sa ta riƙe numfashi, har bayan ƙofa na laɓe na tsorata ta. Ta jefe ni da takalmi, shaƙuwa tana nan daram. Ta haɗa jaka ta ajiye a bakin ƙofa, sai kai da kawo take yi, ni ma na kasa gama shafi ɗaya. Na ce mu bari sai Litinin.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

*

Ƙanina,

Muna lafiya, ina gaishe ka. Direba ya kawo takardarka, ban kai ƙarshenta ba na kira wayarka, a kashe kamar kullum. Na kira tata, maƙwabciyarku ta ɗauka. Ta ce amai ya fara bayan fitarka aiki, ita ta saka ta a mota.

Tun kana yaro haka kake, abin da ba ka gani a littafinka ba, to babu shi a duniya. Ido ɗaya ya rage wa baiwar Allah nan, kai kana laɓe bayan ƙofa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ka rubuto mini gaskiya, ban da barkwanci. Tana gani?

Allah ya ba ta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki daga kujerar asibiti. Ciwon ne ya taso. An sa mata magani ta jijiya, shaƙuwa ta tsaya. Na tambayi likita me zai faru da mun jira Litinin, ya dube ni kawai ya ci gaba da rubutu.

Tana gani. Da safe ita ta lura na sa rigata a baibai.

Jiya Laraba ni na riƙe mata kwamfutar. Ta nuna ni ga 'yan ajin, ta ce, "Ga likitan bayan ƙofa." Na nemi aron bironta na rubuta darasin.

Ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Teburin ma na bar mata.

Ƙaninki