Ni na canja wa Hajiya gado a asibiti

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, don yayyena suna nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Shekarata goma sha bakwai, a Hayin Banki muke. Kwanaki aka kwantar da kakata Hajiya a wani asibiti saboda hawan jini. Da na je dubiya na tarar da ita tana gumi kamar ita ke tura injin markaɗe, tana mitar wai an ajiye ta inda ko iskar Allah ba ta zuwa. Ni kuma da iyayi, tunda "maigidana" take kirana, na lallaɓi tsohuwar da ke gadon ƙarƙashin fanka, ita dama sanyi take kuka da shi, suka yi musanya. Na kwashe filas da buta da darduma na mayar, ina jin kaina injiniya. Ban gaya wa kowa ba.

Ashe waccan tsohuwar ciwon suga ne da ita. Nas ɗin da ta karɓi aiki ta zo ta ce Hajiya kawo hannu, ta yi wa tawa allurar sugan waccan. Kafin la'asar Hajiya ta sume, sai da aka yi ta yi mata ƙarin ruwa ta dawo.

Washegari likitar, wata matashiya, ta kira Baba ofis, na bi shi. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce kuskurensu ne, ko gado goma aka canja aikinsu ne su tambayi suna kafin allura, kuma tana so ta ba Hajiya haƙuri da bakinta. Baba ya ce ƙaddara ce, shi ne babba, ya yafe a madadinta, amma kada wanda ya gaya mata. Dalilinsa, da ƙyar aka raba ta da jiƙe-jiƙen gargajiya, in ta ji ba za ta sake yarda da asibiti ba. Likitar ta ce haƙƙin mara lafiya ne ta sani, ya ce ya fi ta sanin uwarsa. A mota ya ce in na buɗe baki sai na koma kwana a gareji.

To mun dawo gida, Hajiya ta ga kowa na sunkuyar da kai, sai ta yanke wa kanta cewa mugun ciwo aka gano ake ɓoye mata. Ta daina cin abinci, ta raba atamfofinta, har mai kayan miya ta aika a nemo mata yafiyarsa. Hajiyar da ta saba cinye min tsire ta ce ɓera ne ya ci, rannan ta riƙe hannuna ta ce, "Maigidana, ka fara neman wata, ni tafiya ta zo." Na yi dariyar dole, na shiga banɗaki na yi kuka.

Jiya na kasa, na gaya mata komai, har da batun gadon. Sai ta ce in miƙo mata tuwo. Ta cinye tas. Ni ta ce dama ba ta taɓa zaton hankali a wurina ba. Ita kuma likitar, Hajiya ta ce a kai ta wurinta ta ji daga bakinta, yarinyar da ta iya cewa na yi kuskure 'yar halak ce. Amma Baba ko gaisuwarsa ba ta amsawa, wai ya yafe abin da ba jikinsa aka soka ba. Shi kuma ya ce babu mai kai ta ko'ina, ni ma ya daina min magana.

Yanzu ya zan yi? In saci jiki in sa ta a keke in kai ta wurin likitar, ko in nemo wani babba ya tausa Baba? Wa ma zan nemo, bayan babbar gidan ce ke fushi?

Abin da Baba ya ji tsoro dai ya faru. Da safen nan ta tattara ƙwayoyin hawan jinin ta ba Mama, ta ce ba ta ƙara sha.