Ƙwaƙwalwar A-kori-kurar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da yara. Albishirinka! Giyar otomatik ta shiga a-kori-kurar Baba. Ni da mai gareji muka ɗaura ta jiya, har yanzu baƙin mai bai bar farcena ba. Ka san tun da ƙafarsa ta hagu ta kasa taka kuloci bai sake leƙa gona ba, sai zama a ƙofar gida yana kallon hanya. Ce masa na yi birki ake gyarawa.

Saura ƙwaƙwalwar motar, ɗan akwatin nan mai ba inji umarni. Tsohuwar ba ta san sabuwar giyar ba. Kai ne a kasuwar kayan gyara, ka nemo mana wata, don Allah maza!

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikis salam. Kowa lafiya, suna amsawa. Sannu da ƙoƙari. Ga ƙwaƙwalwa nan wajen direban da ya kawo miki wannan takarda. Daga mota irin ta Baba aka ciro ta. Ki cire kan batir kafin ki jona, na san rawar kanki.

A gaida Baba da Umma.

Yayanki

Yaya,

Barka da aiki. Ta tashi! Murɗa makulli ɗaya, sai da na yi tsalle. Amma da na hau titi ta ƙi sauya giya, inji na ta kururuwa, mai keke ma ya wuce ni yana dariya. Ban ankara ba na biyo ta ƙofar gida. Baba ya tsayar da ni, ya leƙa ciki, ya ce, “Ke, ina kulocina?” Na kasa ƙarya, na faɗa masa komai. Sai ya juya ya shige gida. Umma ta ce da ya shiga ɗaki ya sa ta nemo masa takalmin gonarsa.

Yanzu idan ta ƙi fa, Yaya? Mun riga mun sa masa rai.

Autarku

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ki kwantar da hankalinki. Waccan ta dace da injin, amma daga mota mai giyar hannu ta fito, shi ya sa ba ta jin yaren otomatik. Lambar inji da ta giya da kika karanto mini a waya su na bi shago shago, har na samu wadda ta yi daidai da duka biyun, bakin soket ɗin da ake jona ta ma iri ɗaya. Ga ta nan wajen direban. Ki sa mai gareji ya saita ta da makullin, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Ni kaina na kasa zama wuri ɗaya.

Allah ya sa a dace.

Yayanki

Babban gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifinka. Ƙanwarka na fushi, shi ya sa na rubuto da kaina. Ta kawo motar da safe, ta fita ta zagayo za ta shiga ɗaya gefen, wai za ta koya mini tuƙi. Ni kuwa na ja abata na bar ta tsaye. Giya na shiga kamar ana zuba ruwa. Na je gona na dawo, mangwaro ya yi fure.

Allah ya yi muku albarka. Makulli yana wajena.

Babanku