Yarinyar da na koya wa rawa ce za ta yi min gwaji

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Ni malamar rawa ce, shekarata talatin da tara, 'ya'yana uku. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, a wani ɗaki mai dogon madubi da ya tsage ta gefe da fanka ɗaya mai ƙara. Ban taɓa zama a aji don koyon rawa ba. A ƙungiyar wasan kwaikwayo na koya tun ina budurwa, da ido da ƙafa, kuma yarana sun ciyo wa makarantar kofi har sau biyar.

Farkon zangon nan aka kawo mana sabon shugaba. Ya ce duk mai koyar da sana'a ko wasa sai ya kawo takardar shaidar ƙwarewa kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba a mai da shi mataimaki. Da ladabi ya yi maganar, amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Na daure na je cibiyar da ke ba da takardar. Karatun wata tara ne, Asabar da Lahadi, akwai jarrabawar rubutu kan gaɓoɓin jiki da tsara darasi, sannan gwaji a gaban masu dubawa. Ina cikin cike fom sai na ji an rungume ni ta baya. Ashe ɗalibata ce, wadda muke kira 'Yar Firit, na fara koya mata tana shekara tara, ni nake ɗaure mata igiyar takalmi. Yanzu tana cikin masu yin gwajin. Murna take har da hawaye. Ni kuwa na ninke fom ɗin na cusa a jaka, na ce zan dawo. Yau sati biyar.

Maigidana direba ne, shi bai ga abin damuwa ba, wai shi ma ya iya tuƙi kafin ya yi lasin kuma bai mutu ba. Yayata kuma cewa ta yi in bar musu makarantarsu in buɗe ajina, ko da yake ita dama ba ta taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. Ga gwiwata ta hagu ta fara min ciwo in na hau bene.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Bara wata yarinya a ajina ta yi tsalle ta dira a karkace. Na murza mata man zafi a ƙafar, na ce ta taka a hankali ciwon zai sake ta. Daga baya hoto ya nuna ƙashi ne ya tsage. Ta warke, iyayenta ma godiya suka yi min. Amma a ɗan littafin da cibiyar ta ba ni na ga an rubuta ƙarara cewa abin da na yi shi ne abin da ba a yi.

To Gwaggo, wani lokaci sai in ji raini ne a ce sai takarda za ta shaida na iya abin da na tsufa a cikinsa. Wani lokaci kuma sai in ji ashe ban san komai ba. Girman kai ne yake damuna, ko tsoro, ko kishin yarinyar nan? Ni kaina ban sani ba.

Malama mara takarda

*

'Yar'uwa, na gode da kika amince da ni.

Kina da gaskiya a abu ɗaya: takarda ba ta koya wa ƙafa rawa, kuma babu wanda zai ƙwace miki shekara goma sha huɗu. Jin zafin da kika yi ba laifi ba ne. Amma shi ma shugaban yana da tasa gaskiyar. Ba ƙwarewarki a rawa yake tuhuma ba, 'ya'yan mutane ne a hannunsa, kuma ke da bakinki kin kawo hujjarsa. Ban ce ki zauna kina cin kanki a kan yarinyar bara ba, kin yi iya saninki. Yanzu da kika ga inda sanin ya tsaya, bai kamata ki juya baya ba.

Shawarata ki koma ki cike fom ɗin a satin nan. Ki tambaye su ko suna duba shekarun aiki su rage wa mutum wani ɓangare na karatun. Ki ɗauki shaidar rajista ki kai wa shugaba, ki nemi ya ƙara miki lokaci a rubuce, tunda wata tara zai wuce wa'adinsa.

Batun ɗalibarki kuwa, ki nemi wani daban ya yi miki gwajin. Wannan ba gudu ba ne, shi ne daidai, don bai dace mutum ya ba malamarsa maki ba. Sai dai ki kira ta. Sati biyar tana jiran ki, wataƙila tana can tana tunanin ta yi miki laifi. In rubutun ne ke ba ki tsoro, ita ce ta fi kowa dacewa ta zauna da ke ku bi littafin.

Kada ki bar aikinki cikin fushi. Ko kin buɗe ajinki, iyaye za su tambayi takardar nan wata rana. Gwiwar kuma ki kai ta asibiti tun yanzu. Ranar da ƙafa ta ce ta gaji, takardar ce za ta ba ki damar horar da malamai da yin gwaji kina zaune a kujera.

Ki shiga ajin da kanki a sama. Allah ya ba ki sa'a, ya ƙara wa gwiwa lafiya.

Gwaggonku