Ƙwai Bakwai a Tukunyar Kek

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma akwai maganar da na kasa yi da kowa sai ke.

Maganar kazarki ce, mai wake-waken nan da kika tsallako da ita ta kan iyakar Magama daga gidan Kaka, kin rungume ta cikin hijabi kamar jaririya. Ita kaɗai ta rage. Ciwon kaji ya kwashe sauran, har zakaran.

Tun da bazara ta kama muka daina ganin ƙwanta. Malamarmu ta aikin gona ta ce haka kaji suke yi idan zafi ya tsananta, sai ruwa ya sauka su dawo. Na faɗa wa Baba. Ya ce tsufa ne kawai, ranar jajibirin Sallah za a yanka ta. Kin san ban iya musu da shi ba.

Ranar, da hantsi, na ce bari in yi mana kek, wanda kike kira gato, ko gidan ya yi ƙamshin Sallah. Tukunyar gashin tana ɗakinki, Baba kuwa ya sa masa kwaɗo tun da aka yi sadakar arba'in. Ki gafarce ni, na ɗauki makullin ban tambaye shi ba.

Na sami tukunyar ƙarƙashin gado, murfinta a rufe, dutsen da kike danne shi da shi yana kai. Na buɗe. Rairayin da muka ɗebo a gulbi yana nan, gwangwanayen madara a jere a gefe. A tsakiya, ƙwai bakwai.

Na taɓa rairayin, Inna. Da ɗumi, kamar yanzu aka sauke tukunyar daga kan garwashi.

Kowane ƙwai da zanen gawayi a jikinsa, layi biyu da ɗigo a tsakani. Zanenki. Na tuna ki durƙushe gaban akurki kina cewa, "Nana, wanda na zana ba na ci ba ne, mai rai ne. Ko wuta na jiran ki kada ki hwasa shi."

A tsakar gida Baba ya riga ya ɗaure ƙafafun kazar, yana wasa wuƙa. Ban san inda na samu ƙarfin zuciya ba. Na dire tukunyar a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙwai ɗaya da babban yatsa, gawayin ya biyo hannunsa, sabo. Bai tambaye ni makulli ba. Da kansa ya kwance kazar, ya ce, "Mai da su inda kika ɗauko."

Ina gaba tana biye, har cikin ɗaki. Ta hau tukunyar ta kwanta kamar ta saba.

Ba mu ci kek ba bana. Yau kwana ashirin tana kwanci. Ina tura mata gero da ruwa ta bakin ƙofa, ba na shiga. Jiya da azahar na kara kunne a jikin ƙyaure, na ji ana ƙwanƙwasawa a hankali, ana tsayawa, ana ci gaba. A littafinmu an ce ƙwan da ba na zakara ba ba ya ƙyanƙyashewa.

Ba tambayarki nake yi ba, Inna. Kazarki ta tsira, wannan nake son ki sani. Gobe kwana ashirin da ɗaya, ranar ƙyanƙyasa, Baba ya ce ni zan buɗe ɗakin. Ina jin tsoro, amma duk abin da na tarar zan ba shi ruwa, yadda kika koya mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa abin da ke cikin tukunyar nan alheri ne gare mu.

'Yarki da ke kewarki,
Nana