Ki Yi Mini Faɗa, Ko Sau Ɗaya Ne

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake tunawa duk sa'ad da rana ta take, matata kuma 'yar rigimata,

Ina miƙo miki gaisuwar mutumin da ya gaji da gaida baƙin fuskoki. A kan akwatin kayan aiki nake rubuto miki, lokacin hutun rana, hannuna duk baƙin mai. In kin ga tabo a gefen takarda, ba hawaye ba ne, kada ki ji daɗi. Dogo abokin aikina ne zai kawo miki, don ciwon bayansa ya ƙi sauƙi, an sallame shi gida. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kin ƙware wajen kashe magana da "to, Allah ya taimaka", ni kuwa ki bar ni tsaye da waya a kunne kamar wanda aka rufe wa ƙofa.

Kin tuna abin da na ce miki? Masana'anta ɗaya ce, mu kafa injin matsar mai, in dawo kafin damina. Ɗaya ta haifi wata, wata ta haifi wata, har na daina tambayar sunan gari sai mun sauka. Na tsaya a iyakoki ana juya fasfona kamar ƙwan da ake zargin ya ɓaci. Na kwana a gadajen da ƙafata ke leƙowa waje, a kan matasan kai masu warin kan wani. Na ci abincin da ban san sunansa ba, da yatsa nake nunawa, abin da ya zo shi ne rabona. Gwiwata ta hagu yanzu tana sanar da ni zuwan ruwa kafin gajimare ya haɗu. Mu ne masu ɗaga ƙarfe, amma in an zo ɗaukar hoto Injiniya ne a gaba da farar hularsa, mu a baya kamar katanga. Sai dai ba zan ci amanarsa ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya zauna a bakin gadona yana jiƙa tawul, yana cewa, "Ka mutu a nan, wa zai ɗaura mini bel ɗin inji?" Haka nasa tausayin yake, ba ya fitowa sai da ƙaya.

Kuma ba zan ce wahala kaɗai na kwasa ba. Na ga teku, ya ke farin watana, ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar! Na ga duwatsun da ƙanƙara ta yi wa rawani, ana rana amma ba ta narkewa. Na ga wata tsohuwa mai shara a masana'anta ta tara tafin hannunta ranar da injinmu ya fara zubo mai, ta shafa a fuska tana dariya, ta kama hannuna tana ta magana da harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane. Hannun nan da kike cewa ya fi dutsen niƙa kaushi, a ƙasashen mutane an san darajarsa. Amma me ya amfane ni? Duk abin da na gani sai in waiga hagu in ce "kin gani?", sai in ga Dogo yana sakace haƙori.

Ke kuwa, furen da ya ƙi sunkuyawa, kin tuna safiyar da zan tafi? Kika zauna a kan jakata, kika naɗe hannu, kika ce in dai sai na tafi to in ɗauke ki tare da ita. Da na ja, hannun jakar ya tsinke. Ke ce kika ɗauko allura kika ɗinke shi, kina ɗinki kina zazzaga mini masifa, kina cizon zare kamar ni kike cizo. Ban taɓa ganin kyau irin na ranar nan ba. Hadari ne a fuskarki, walƙiya a idonki, ni kuwa ina tsaye kamar busasshiyar gona ina jiran ya zubo.

A watannin farko ma ba ki fasa ba. "Sarkin yawo, injin ne matarka?" Haka kike buɗe waya. Ki yi ƙorafin famfo, ki yi ƙorafin ƙofar ɗaki da ba ta buɗuwa sai na sa mata kafaɗa, ki kashe waya a kunnena, ki sake kira ki ƙarasa. Ina yi kamar na ji haushi, alhali da wannan faɗan nake ɗaga ƙarfe washegari.

To yanzu ina ya tafi? Yaushe sararin ya washe haka, babu ko gajimare? Kin ce kafinta ya fere ƙofar, tana buɗuwa da ɗan yatsa. Kin ce famfo ke kika gyara da kanki. Komai lafiya, kowa lafiya. Ban zarge ki da komai ba, Allah ya sani. Ni na tafi, ni na yi ta ƙara wa'adi, kuma macen da aka bari da gida dole ta koyi riƙe shi. Kin yi daidai. Daidai ɗin ne yake tsorata ni. Shin kogi yakan manta da tsohuwar hanyarsa in an daɗe da tare shi? Shin akwai sauran abin da ya lalace a gidan nan da ke jiran hannuna?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Injiniya ya samu wani aikin a hayin teku, mai tsawo, ya ce ni zan shugabanci ma'aikata. Ranar da injin da muke kafawa a nan ya tashi yake son amsa. Da na gaya miki a waya, me kika ce? "Yadda ka gani, maigida." Maigida! Sunan da ba kya kirana da shi sai a gaban baƙi. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar nake jan aiki, ni da ban taɓa barin na yau ya kai gobe ba. Bel ɗin da na ɗaura jiya, yau na kwance shi na ce bai zauna ba. Ƙusa ɗaya sai in yi ta juya ta kamar mai lallashin jariri. Injiniya ya fara kallona ta saman tabarau. Ɗazu ya ce, "Ko injin ne ba shi da lafiya, ko kai." Bai cancanci haka daga gare ni ba, kuma ƙusoshin sun kusa ƙarewa.

Don haka ina roƙonki, ya ke raɓar safiyata, da kin karanta ki kira ni. Ki yi mini faɗa. Ki tara duk wanda kika haɗiye ki juye mini, ba zan kare kaina ba. In kin ce in dawo, zan ajiye sifanar ɗaure ƙusa a inda take. In kin ce in je, amma da muryar nan taki mai tsawa, zan je da ƙarfina, na san akwai mai ƙirga mini laifi a gida. In kuwa kika sake cewa "yadda ka gani", to ki sani na gani. Zan ce wa Injiniya ya nemi wani, in kamo hanya, don gyaran da ke jirana a gida ya fi duk wanda ke hayin teku girma.

Naki ne ni, a kan tudu ko a kan ruwa, kina so ko kina fushi, har ranar da hannun nan zai daina riƙe komai.

Mijinki,
Sarkin yawo, wanda yawo ya ishe shi