Abin da Ke Cikin Jakar Kyamarata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Hemedi ɗan Kombo, mai hoto na layi na bakwai a Ngamiani, cikin Tanga, nake rubuta wannan da hannuna ranar Talata bayan la'asar. Ƙafafuna sun kumbura, likita ma ya daina kallon idona in yana magana, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce tsufa ne ya sa ni sambatu. Liman Shabani da maƙwabcina Mzee Fumo sun sa hannu a ƙasa.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Sudi da Riziki da autana Mbwana. Ku karanta tare, a ɗaki ɗaya. In ɗayanku ya ƙi zama, a jira shi har ya zauna.

Na ɗaya. Gida da shago a raba yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa. Tarkacen da zan ambata kuwa kyauta na ba da su tun ina numfashi, gaban shaidun nan. Na san a bayan idona kuna kiran ɗakina gidan tarihi. Ba kurma ba ne ni.

Na biyu. Mbwana, garmaho da fayafayan waƙoƙin taarab naka ne, har da agogon bango. A wana agogon duk Juma'a, juyi bakwai, kada ka ƙara. Kullum kana min burga wai wayarka na ɗauke da waƙa dubu. To, ta ɗauka. Lokacin da aka ɗauke wuta kwana uku, a ƙofar wa unguwa ta taru?

Na uku. Keken ɗinkin mahaifiyarku, Mwanahawa, a ba Tatu matar Sudi. Riziki, na san ranki zai ɓaci. Ki daure ki ji dalili.

Na huɗu. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sauran duk kwana-kwana nake yi, don kunya ta hana ni farawa da shi.

Shekara tara ke nan da bikin Riziki. Kun tuna yadda na kafe cewa babu mai ɗaukar hoto sai ni, da kyamarata ta Jamus mai ido biyu. Na sa gwaggonku a bakin ƙofa da kwando tana karɓe wayoyin mutane. Sudi ya same ni ana tsakar dafa shinkafar pilau, ya ce in bari abokinsa mai kyamarar zamani ya tsaya a gefe, ko don tsaro. Na ce masa, gaban surukai, hoton da bai sha ruwa ba ba hoto ba ne, kuma mai gyaran wayoyi irin Sudi ba zai koya min sana'ar da na shekara arba'in a cikinta ba. Mutane suka yi dariya. Wallahi na ji daɗin dariyar nan.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, fim ɗin da na yi aiki da shi tsoho ne. Tun da aka daina sayarwa a Tanga na sayo kwalin ƙarshe a wani kanti da zai rufe a Mombasa, na ajiye cikin adaka ƙarƙashin gado. Damina goma sha ɗaya ya yi a nan, cikin zafi da laimar garin nan da ke sa takalmi ma ya yi fumfuna. Ranar ƙarewarsa tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, na gani da idona. Gwada naɗin fim ɗaya ba zai ci min awa guda ba. Ban gwada ba, saboda a ganina kayana ba sa ba ni kunya.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin wanke hoto. Na wanke naɗi shida, na sa su a ruwa na biyu, wanda ke kama hoto ya zaunar da shi, na ɗaga su a jar fitila. Babu komai sai toka-toka, kamar an shafa musu kunu. Ina tsaye ina kallon su, sai Sudi ya turo ƙofa da kofin gahawa, ya kawo wa ubansa da bai karya ba. Haske ya shigo.

Duk mai sana'ar nan ya san in fim ya fito daga ruwa na biyu, ko tsakar rana ka shanya shi babu abin da haske zai yi masa. Sudi bai sani ba, don ban taɓa haƙurin koya masa ba. Na daka masa tsawa na ce ya ƙone hotunan bikin ƙanwarsa. Kofin ya faɗi daga hannunsa. Har yau ina jin ƙarar.

Mahaifiyarku ba ta son kyamara, kun sani. Shekara talatin da biyar tana kare fuska da zanen kanga in na ɗaga ta. Ranar bikin kaɗai ta yarda, don 'yarta. Bayan wata biyu ciwo ya kwantar da ita. Ina ba ta ruwa wata safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Hemedi, da gaske ƙofar ce ta ɓata hotunan?" Na ce ƙofar ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuskarta bango. Da ƙaryata a kunnenta ta tafi.

Riziki, a zaman makoki kika ce wa yayanki ya raba ki da fuskar mahaifiyarki, kuma kada ya ƙara kiran ki ƙanwa. Ina zaune a wurin da carbi a hannu, ban ce uffan ba. Tun daga ranar ba ku haɗa ido ba. 'Ya'yanku sun girma ba su san juna ba, in kin zo daga Mombasa shi sai ya tsiri tafiya Korogwe. Ni kuma ina ta yi muku wa'azin zumunci. Kai, Hemedi, ka ji kunya.

Na biyar. Sudi, ba ka ƙone komai ba. Ni na ƙone, da taurin kaina. Shekara tara kana zuwa duk Lahadi kana aske min gemu, kana sunkuyar da kai kamar mai laifi, ni kuma ina miƙa maka haɓa. Ka yafe min in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba. Akwatunan fim na shago, masu fuskokin mutanen Tanga tun kafin a haife ka, naka ne. Laima ta fara cin su. Ka zuba su cikin na'urar nan taka da nake zagi, ka nemi jikokin masu su ka ba su. Ka ga, na faɗa da bakina.

Na shida. Riziki, kyamara taki ce, da jakarta ta fata. Kafin ki ɗauka ki ji wannan.

Ranar bikin Tatu ba ta sa wayarta a kwando ba, ta ɓoye ta cikin kanga. Hoto ɗaya tak ta ɗauka a sace. Bayan rasuwar, da kika daina amsa kiransu, ta kai aka fitar da shi a takarda, ta kawo min cikin ambulan, tana tsoro don ta karya dokata. Ta roƙe ni in ba ki. Na duba hoton, na ga waya ta yi abin da na kasa, sai baƙin ciki ya rufe min ido. Da ta tambaye ni daga baya na ce na ba ki, kuma ba ki ce komai ba. Ta juya ta tafi. Wayar ta faɗa teku a jirgin Pemba a shekarar, saboda haka babu wani sai wannan. Ga dalilin keken ɗinkin.

Ki zare zaren da na ɗinke shafin cikin jakar da shi. Yana nan. A karkace yake, haske ya yi yawa ta hagu, kafaɗar wata mata ta tare kusurwa. Mahaifiyarki na gyara miki mayafi tana dariya, har wushiryarta ta fito. Duk Juma'a nakan farke ɗinkin in kalla in sake ɗinkewa. Hoton da ya fi shi bai taɓa shiga shagona ba.

Kada ki kalle shi ke kaɗai. Ki kira yayanki ya zauna kusa da ke, Tatu ta riƙe ɗaya gefen. Mbwana, kai ka ɗauke su a haka da wayarka, na yarda, ka tura wa duk dangi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku gardama in kun kauce, Ya ba ku kunnen da ni ban samu ba. Ku riƙe juna, ku ci Idi a tabarma ɗaya. Ku binne ni kusa da mahaifiyarku. Akwai tambayar da ta yi min, har yanzu ban ba ta amsar gaskiya ba.